Waƙa a Bakin Mai Ita: Wakilci a Finafinan Rayuwar Makaranta, daga Tsangayun Kano zuwa Azuzuwan Ikara, Maƙarfi da Kudan

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda finafinan Hausa ke nuna makaranta da ɗalibanta. Hujjarta ɗaya ce: ba a auna wakilci da yawan ire-iren fuskokin da kyamara ta ɗauka, ana auna shi da wanda aka bar wa ragamar labari. An gwada ajin da ake gani a fim da ajin da ke ƙasa a ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan na Jihar Kaduna. An ɗauki fim ɗin Duniya Juyi Juyi, wanda almajirai suka shirya a Kano, a matsayin babbar shaida, aka jera shi da wasu finafinan makaranta na ƙasar Italiya. Daga ƙarshe an amsa suka huɗu da za a iya yi wa wannan ra'ayi.

1.0 Gabatarwa

Makaranta ce wuri na farko da yaro ke zama kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ɗan gidansu ba. A tsakar gida da zaure da wurin ibada, duk wanda ya gani irinsa ne. Sai ranar da aka kai shi aji, ko aka damƙa shi a hannun malamin allo, zai tarar da mai wani harshe, da mai wata sana'ar gado, da wanda ya fi shi gata, da wanda bai kai shi ba. Saboda haka duk wanda ya shirya fim a kan makaranta, ko ya sani ko bai sani ba, ya yanke hukunci a kan waɗanda ake lissafawa cikin 'ya'yan al'umma da waɗanda aka bari a bakin ƙofa. Masana'antar finafinan Hausa ta haura shekara talatin, in aka ƙirga daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Masana irin su Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi zurfi wajen nazarin tasirin finafinan Indiya a kanta, da takun-saƙar da ke tsakaninta da malamai da hukuma. Tambayar wannan takarda ƙarama ce, amma tana da nauyi: idan ɗalibin firamare a Malikanci ko Hunƙuyi ko Gubuci ya kalli fim ɗin da aka ce na makaranta ne, shin yana ganin kansa da abokan bencinsa?

2.0 Ajin da ke ƙasa

Ikara da Maƙarfi da Kudan suna arewacin Jihar Kaduna, cikin masarautar Zazzau, kuma a ƙidayar 2006 jama'arsu a haɗe ta kusa rabin miliyan. Mai wucewa a mota zai ɗauka gari guda ne, Hausawa manoma daga farko har ƙarshe. Wanda ya shiga makarantun yankin ya san ba haka abin yake ba. Akwai 'ya'yan Hausawa Musulmi, su ne mafi rinjaye. Akwai 'ya'yan Hausawa Kirista, waɗanda da yawansu jikokin Maguzawa ne, kuma yawansu ya kai har Cocin Angilikan ta kafa dayosis guda mai suna Ikara. Akwai 'ya'yan Fulani da ke tahowa daga ruga, wasunsu da Fulatanci suka fara buɗe baki, kuma don irinsu aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, mai hedikwata a Kaduna. Akwai 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikata da suka zo daga kudancin jihar da kudancin ƙasa. A gefen makarantar boko kuma akwai tsangaya, inda ƙolo da titibiri da gardi ke karatu a gindin alaramma, wasunsu daga garuruwa masu nisa.

Bambancin bai tsaya ga harshe da addini ba. Kalandar gona tana shiga aji. Ƙasar Maƙarfi da Kudan ta yi suna da rake da mazarƙwaila, Ikara kuma da tumatir, har gwamnati ta kafa kamfanin sarrafa shi a garin. Lokacin saran rake ko tsinkar tumatir, yaron da gidansu ke da halin ɗaukar 'yan ƙwadago yana aji, wanda shi ne ɗan ƙwadagon yana fadama. Yarinyar da ke ɗaukar tallan safe takan iso bayan an gama darasin farko. Kurma da makaho da gurgu kuwa sau da yawa ba su ma isowa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro zai yi karatun shekara tara kyauta kuma dole, amma Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Ke nan benci mai gurbi ma labari ne. Marubucin fim da ya zauna mako guda a irin wannan aji zai fita da abin da zai ishe shi rubutun shekara.

3.0 Ajin da ke cikin fim

A mafi yawan finafinan Kannywood makaranta mahaɗa ce kawai, wurin da saurayi zai ga budurwa. Galibi jami'a ce ko sakandare mai zaman kanta a birni, ɗalibai sun sha kayan makaranta masu guga, ana ajiye su a mota, malami yana fitowa minti biyu ya ɓace. Ko fim ɗin There is a Way na 2016, wanda kamfanin Jammaje ya shirya, da ya yi ƙoƙarin taɓo bambancin ɗan talaka da 'yar mai kuɗi a jami'a, da Turanci aka yi shi, don haka yaron ƙauye ba ya cikin waɗanda aka yi wa magana. Idan kuma aka shigo da wanda ba Bahaushen birni ba, sai a ba shi gurbin ban dariya: Bafulatanin da bai san kan gari ba, Bagwari mai gurɓatacciyar Hausa, Bamaguje mai tulun giya, baƙauye mai buɗe baki a gaban bene. Wannan salo ya samu karɓuwa sosai a finafinan barkwanci na zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, kuma tushensa na cikin wasan barkwancin da ke tsakanin ƙabilu tun kaka da kakanni. Sai dai wasan taubasai na da sharaɗi: wanda aka tsokana yana nan a wurin, yana da bakin ramawa. A fim, kyamara na hannun ɓangare ɗaya. Almajiri kuwa a bakin ƙofa ake nuna shi da kwano, ya yi sallama, a ba shi ko a kore shi, labari ya ci gaba ba tare da shi ba.

Ya kamata a yaba wa inda aka yi ƙoƙari. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ya gina gari guda da ya haɗa Musulmi da Kirista, da makaho mai iyali, da malamin tsangaya irin Malam Nata'ala, ya ba kowannensu gida da damuwa da ra'ayi. Karɓuwar da shirin ya samu shekara da shekaru ta nuna masu kallo ba su ƙi irin wannan ba. Amma Daɗin Kowa labarin gari ne, ba na aji ba. Shirin da ya ɗauki sunan Makaranta kuwa, wanda tallansa ya tayar da ƙura a ƙarshen 2021 da farkon 2022 har Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ce tana neman daraktansa, muhawarar da ya haifar ta tsaya ne kan batsa da tarbiyya. Aka yi ta jayayya a kan abin da bai kamata a nuna ba, ba a kai ga tambayar waɗanda aka manta da su ba.

4.0 Duniya Juyi Juyi: da almajirai suka riƙe kyamara

A 2011 wata mai bincike Bajamushiya, Hannah Hoechner, tare da tallafin Cibiyar Goethe, ta haɗa almajirai tara daga makarantun allo na Jihar Kano, aka koya musu aikin fim a hannun ƙwararrun masana'antar. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka ba da umarni. Abin da ya fito shi ne Duniya Juyi Juyi, fim ɗin da ya ɗan haura sa'a ɗaya, mai bin sawun wani yaro Aminu da mahaifinsa ya kai shi birni karatun allo. An nuna neman abinci, da aikatau a gidajen mutane, da wulaƙancin da yake sha a hannun wasu, da alherin da yake samu a hannun wasu, da kuma karatun kansa, wanda shi ne dalilin zuwansa.

Muhimmancin wannan fim ba a ƙawar hoto yake ba. Yana cikin sauyin wurin da kyamara ta tsaya. A fim ɗin da aka saba, kyamara na cikin gida tana kallon almajiri a ƙofa. A nan tana tare da almajirin, tana kallon gidan da masu gidan. Da wannan juyi kaɗai, tambayar ta tashi daga "me ya sa yaran nan suka dame mu" ta koma "yaya muke mu'amala da yaran nan". Matar gidan da ke aiken almajiri tun safe ta sallame shi da ɗumame, a fim ɗin da aka saba ita ce mai sadaka. A idon yaron, uwar ɗaki ce da ba ta biya haƙƙin aiki ba. Haka kuma abubuwan da ɗan waje ba ya gani sun fito fili: cewa tsangaya makaranta ce mai matakai da buri, cewa almajirai na da zumunci da tsarin taimakon juna, cewa abin da ya fi yi musu ciwo sau da yawa raini ne, ba yunwa kaɗai ba. Hoechner ta faɗaɗa wannan a littafinta na 2018 a kan makarantun Alƙur'ani na Arewacin Nijeriya. Idan aka tuna yadda gwamnonin Arewa suka riƙa kwashe almajirai a motoci zuwa jihohinsu lokacin annobar korona a 2020, ana magana a kansu ba a magana da su, za a gane darajar sa'a guda da aka bar su suka yi bayanin kansu. Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A nan ba daɗi kaɗai ta fi ba, ta fi gaskiya.

5.0 Abin da Italiya ta gwada

Italiya ta fuskanci irin wannan tambaya tun da daɗewa, kuma amsarta ta yi kama da ta almajiran Kano. A 1967 ɗaliban wata ƙaramar makarantar ƙauye a Barbiana, ƙarƙashin malaminsu Lorenzo Milani, suka rubuta littafi a siffar wasiƙa zuwa ga wata malama, suna tuhumar makarantar gwamnati da kayar da 'ya'yan manoma da leburori. A 1973 gidan talabijin na ƙasa, RAI, ya nuna Diario di un maestro, wato kundin wani malami, na darakta Vittorio De Seta, a kashi huɗu. An gina shi a kan littafin wani malamin firamare, Albino Bernardini, game da shekarar da ya yi a unguwar Pietralata a gefen birnin Rum. De Seta ya ɗauko ɗan wasa, Bruno Cirino, ya ba shi matsayin malami, amma ɗaliban yaran unguwannin talakawa ne na gaske, kuma ba a ba su haddar magana ba. Malamin ya tarar da aji rabinsa ba ya zuwa, ya bi yaran har inda suke yawo da neman kuɗi, ya mai da rayuwarsu abin darasi: rusa gidajen unguwa, sata, abin da iyayensu suka gani a lokacin yaƙi. Duk malamin da ya taɓa bin ɗalibinsa gonar rake zai gane wannan labari.

Da baƙin haure suka yawaita a Italiya, tambayar ta sake salo. A 2009 Claudio Giovannesi ya yi Fratelli d'Italia, inda ya bi ɗalibai uku na wata makarantar koyon sana'a a Ostia: ɗan asalin Romaniya, da 'yar asalin Belarus, da Nader, wanda aka haifa a Rum iyayensa Misirawa. Bayan shekara uku ya gina wani fim ɗin a kan rayuwar Nader, shi Nader ɗin ya fito a matsayin kansa. A Faransa ma, Entre les murs na Laurent Cantet, wanda ya lashe babbar kyautar bikin Cannes a 2008, da ɗalibai na gaske aka yi shi bayan watanni ana atisaye da su. Ba a kawo waɗannan don a kwaikwayi Turawa ba. An kawo su ne don nuna cewa masu fim a ƙasashe uku da ba su haɗa harshe ba, da suka nemi gaskiyar aji, hanya ɗaya suka bi: suka rage maganarsu, suka saurari ɗalibai.

6.0 Suka da amsa

Suka ta farko ta kasuwa ce. Furodusa zai ce da kuɗinsa yake fim, masu kallo kuma soyayya da gidan bene suke so, ba ajin da rufinsa ke yoyo ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a zamanin kaset da faifai, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke yanke abin da zai sayu. Yau finafinan sun koma masu dogon zango a YouTube da tashoshin tauraron ɗan'adam, kuma mai kallo a Paki ko Likoro da wayarsa yake kallo kamar na Kano. Shi ma kasuwa ne. Ban da haka, ajin ƙauye bai rasa soyayya da kishi da dariya da gasa ba. Abin da ya rasa shi ne marubucin da ya san shi.

Suka ta biyu ta fi nauyi: cewa taɓa addini da ƙabila a Jihar Kaduna wasa da wuta ne. Ba za a raina wannan tsoro ba. Rikicin Maris 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya faro, tsakanin ɗalibai, kafin ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa. Amma wannan tarihi hujja ce ga ɓangaren wannan takarda. Idan a makaranta wutar ta tashi, a makaranta ya kamata a nuna yadda ake zama. Shiru bai hana yara sanin juna ba, ya dai bar su da sanin da jita-jita ta ba su. Fim ɗin da zai nuna Bahaushe Kirista da Bahaushe Musulmi a benci ɗaya, suna aron biro, suna faɗa a kan ƙwallo, suna zuwa gaisuwar mutuwa gidajen juna, ba wa'azin haɗin kai yake yi ba. Abin da ke faruwa kullum a ƙasar Ikara yake nunawa. Haɗarin yana wurin wanda zai rubuta mutanen da bai taɓa cin tuwon gidansu ba, kuma maganinsa shi ne a sa su cikin masu rubutun.

Suka ta uku ta shafi Duniya Juyi Juyi kansa. Za a ce kuɗin waje ne, kuma yaran sun nuna kansu yadda suke so a gan su, sun sassauta abin da zai zubar da mutuncin malamansu ko nasu. Hoechner da kanta ta rubuta a kan yadda damuwa da mutunci ta yi tasiri a abin da suka yarda a nuna. Amsa ita ce babu mai ba da labari da ba ya zaɓe. Attajirin da ke cikin fim ɗin Kannywood ma ba duk halinsa ake nunawa ba, kuma ba wanda ya ce don haka a hana masu kuɗi fitowa. Abin da yaran suka ga ya cancanci karewa ilimi ne a kansa, domin ya nuna inda rainin jama'a ya fi yi musu zafi. Gaskiya ne kuma fim ɗin na maza ne, bai ɗauki muryar yarinya mai talla ko 'yar Islamiyya ba. Wannan giɓi kira ne a yi wasu finafinan, ba dalilin watsi da wanda aka yi ba. Batun kuɗin waje kuwa, abin tambaya ne gare mu: me ya hana na gida?

Suka ta huɗu ita ce kare yara. Yaron da ya bayyana talaucin gidansu a fim zai ci gaba da zama a garin bayan an naɗe kayan aiki, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa dole a nemi yardar iyaye da malamai, a mai da labaran gaske su zama ƙagaggu yadda ba za a nuna gidan kowa da yatsa ba, a biya yaran haƙƙinsu, a kuma fara nuna fim ɗin a garin kafin ko'ina. Sharuɗɗa ne na aiki, ba katanga ba.

7.0 Kammalawa

Kayan aikin ba su yi nisa da yankin ba. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya yi suna tun shekarun 1970 wajen shiga ƙauyuka a tsara wasa tare da manoma a kan matsalolinsu, kuma Samaru ba ta da nisa da Hunƙuyi. Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, tana da makarantar koyar da fim a Jos. A Maƙarfi akwai makarantar kimiyyar lafiya ta Shehu Idris da ke tara ɗalibai daga sassa daban-daban, a 2023 kuma an kafa hukumar ƙasa ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Takardar na ba da shawara a zaɓi makarantu uku, ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a haɗa da tsangaya da makarantar makiyaya, a ba ɗalibai maza da mata zango guda suna tsara labari tare da marubutan Kannywood, kuma kalmar ƙarshe a kan yadda za a nuna kowane rukuni ta kasance a bakin 'ya'yan rukunin. Ga masu nazari kuma, idan fim ɗin makaranta ya zo gabanmu, kada mu tsaya ƙirga ƙabilu nawa suka fito. Mu tambaya wa aka ba suna, wa aka bi har gida, wa ya yi kuskure aka ba shi damar gyarawa, wa kuma ya riƙe alƙalami. Almajirai tara sun riga sun nuna abu ne mai yiwuwa. Yaran Malikanci da Gimi da Doka ba su gaza su ba, ba a dai tambaye su ba tukuna.